Rago Ɗaya, Suna Uku

Duk wanda ya je baje kolin noma na Wirrana a shekarar da aka ba sabon fasto lasifika, ba zai manta da hantsin Asabar ɗin nan ba. Wata uku ke nan da zuwan faston garin, bai gama sanin wa ke raye wa ya riga mu ba, amma Allah ya ba shi murya, shi ya sa kwamiti ya ɗora shi a bayan akori-kura aka miƙa masa takardar sunaye. Ya kira masu kabewa, ya kira masu kaji, lafiya lau. Da aka zo kan ragunan merino, irin da ake kiwo don gashinsu, sai ya gyara tsayuwa ya ce:

"Misis Glenys Noske, a kawo rago gaban alƙali."

Fili ya yi tsit. Mai juya nama a kan wuta ya tsaya da cokali a hannu. Fasto ya ɗauka ba a ji shi ba ne, ya ƙara ɗaga murya.

"Misis Glenys Noske! In tana rumfar kek, don Allah wani ya taimaka ya kira ta."

Shekara biyu da rabi ke nan da aka binne Glenys a bayan cocin da shi faston yake wa'azi.

Mijinta, Merv Noske, yana tsaye a bakin shinge riƙe da ragonsa. Abin da mutane suka fi riƙewa a rai shi ne, da aka kira sunan karo na biyu, Merv ya waiwaya ya dubi rumfar kek ɗin. Daga baya ya ce wuyansa ne ya ƙage.

Wani ya ja wandon fasto ya raɗa masa magana, fuskarsa ta yi jajir, ya yi sauri ya sauka kan suna na gaba don ya tsira. Na gaban kuwa shi ne "Mis Narelle Noske", 'yar Merv, wadda ke aikin jinya can Darwin, tafiyar kwana uku a mota, rabonta da taɓa tunkiya tun tana 'yar sakandare. Na gaba da wannan kuma "Mista Mervyn Noske". Aka duba, ga shinge uku a jere, kowanne da katinsa mai suna Noske, ga rago ɗaya tak yana tuƙa.

Dulcie Hage, sakatariyar baje kolin, ta taso tana dogara sanda, don ba ta daɗe da dawowa daga aikin gwiwa ba.

"Merv, raguna nawa ka kawo?"

"Ɗaya."

"To ina na Glenys, Allah ya jiƙanta?"

"Shi ne wannan."

"Na Narelle fa?"

Merv ya dubi ragon, ragon ya dube shi. Ya ce, "Ina jin shi ne dai."

Alƙalin baƙo ne daga nesa, kuma yana da sauran tumaki saba'in da zai duba kafin azahar. Ya ce abu mai sauƙi ne, mai rago ya zaɓi suna ɗaya a soke biyu. Merv ya cire hula, ya sosa kai, ya mayar da hula. Ya dubi kati na farko, ya dubi na biyu, ya dubi na uku, ya sake komawa na farko. Da Dulcie ta ga gwiwarta ba za ta iya jiran ƙarshen wannan tunani ba, ta ce a bar wanda ke sama a takarda. Alƙali ya buɗa gashin ragon, ya duba haƙora, ya zagaya ta baya, ya kwatanta shi da na Col Trezise maƙwabcin Merv, sannan ya ɗauki shuɗin ƙyallen na ɗaya ya yafa masa. Aka rubuta a kati: Misis G. Noske.

Shekara arba'in Merv yana kai rago wannan fili, bai taɓa wuce na biyu ba.

An haifi Merv a gonar da yake ciki har yau, mil goma sha huɗu daga gari, a ɗakin da yanzu yake ajiye buhunan abincin karnuka. Shekarunsa saba'in da ɗaya, dogo ne, siriri, wuyansa ya ƙone da rana har ya zama kamar tsohuwar jakar fata. A kan tunkiya babu wanda zai gaya masa magana. Yakan cusa hannu cikin gashinta ya faɗa maka ko ta sha wahala a watan Maris. Ya san alkama, ya san injin girbi, yana iya gyara famfon iska da waya da filaya. Mutum ne mai kunya da ladabi, wanda in ka taka masa ƙafa shi zai ce ka yi haƙuri. Abin da bai taɓa shiri da shi ba shi ne takarda.

Bai kuwa buƙaci shiri da ita ba, don ya auri Glenys. Kafin aure ita ce mai buga tafireta a ofishin ƙaramar hukuma, kuma daga ranar da ta tare har shekara arba'in da ɗaya, duk takardar da ta shigo gidan nan ta hannunta take bi. Ta karanta, ta cike, ta yi ɗan kuros da fensir a inda zai sa hannu, ta ajiye masa kusa da kofin shayi. An ce ya taɓa sa hannu a katin murnar ranar haihuwarsa, ya ce a gaida mai bikin.

Da zamani ya kawo kwamfuta, Glenys ce ta sayo ta girke, babba, aka kafa ta a kusurwar kicin tsakanin firji da taga, ta saƙa mata mayafi don ƙura. Ita ta zaɓi burauzar da za ta riƙa shiga intanet da ita, wata mai hoton jan dila ya naɗe jikinsa. Merv ya leƙo ta kafaɗarta ya ga hoton, ransa ya ɓaci.

"Dila, Glenys? A cikin kicin ɗina? Bara 'yan raguna goma sha ɗaya ya cinye min."

"Wannan ba ya cin komai sai lokacina. Je ka wanke hannu, abinci ya huce."

Iyakar abin da ya shiga tsakaninsa da kwamfuta ke nan har ciwo ya kwantar da ita, wata huɗu, ta tafi.

Bayan jana'iza Narelle ta yi mako biyu a gida. Ta ga dole ubanta ya koyi abin nan, don yanzu farashin gashin tumaki, da hasashen ruwa, da gargaɗin wutar daji, duk can suke. Ta zaunar da shi ta koya masa riƙe linzamin kwamfuta, wanda yake damƙa kamar zai yi masa aski. Ita ba ta saba da mai dila ba, sai ta sa tata, wata mai zobe launi huɗu.

"Wannan kowa ke amfani da ita, Baba. Ka danna nan kawai."

Ya ce to. Da ta tafi ya lura ashe akwai wata ta uku, shuɗiya, wadda ta zo tare da na'urar tun daga kanti, tana zaune a ƙasa ba ta ce wa kowa komai. Merv ya zauna ya yi nazari irin na manomi, ya kai ga abin da ya ga ya fi kama da hankali: intanet guda uku ce. A gari akwai dillalan tumaki uku, kowa da ofishinsa da farashinsa da irin ƙaryarsa. Me zai hana intanet ta zama haka?

Abin da ya ƙara ɗaure masa kai shi ne roƙon da suke yi. Duk wadda ya buɗe sai ta fito da ɗan akwati tana tambaya ko yana so ta zama babbar burauzarsa. Merv ba a rene shi da cewa a'a ga mai roƙo cikin ladabi ba. Ya buɗe mai zobe, ta tambaya, ya ce e. Gobe ya buɗe shuɗiya, ta tambaya, ya ce e. Jibi mai dila ta lura an sauke ta, ta tambaya, ya ji kunya ya ce e. Sai ya zama in ya danna saƙon da dillali ya aiko, bai san wacce za ta buɗe ba, sai dai ya zuba ido. Ya gaya wa Col cewa ya taɓa riƙe karnuka uku lokaci guda, kowanne yana son kujerar gaba, amma su aƙalla in ka daka musu tsawa suna komawa baya.

Kuma yana da hujja a kan cewa uku ce, don ba sa faɗin magana ɗaya. Mai dila takan ce gobe rana, iska daga arewa. Shuɗiya takan ce yayyafi. Mai zobe kuwa, da watan Disamba ya kama, ta fara cewa ruwa kamar da bakin ƙwarya, da tsawa, har da maganar guguwa. Alkama tana tsaye a gona ta bushe ƙayau tana jiran yanka. Merv ya buga wa Col waya hankali tashe, suka fito da injuna biyu, suka yi kwana uku suna girbi ko zama cin abinci ba sa yi, suka lulluɓe tarin hatsi da tamfol suka danne da tayoyi. Sama kuwa ko gajimare mai girman hula bai gifta ba. Sai a rana ta huɗu Col ya shigo kicin, ya sa tabarau, ya karanta ɗan ƙaramin rubutun da ke saman shafin.

"Merv. Wannan ai Darwin ce."

"Ina?"

"Darwin! Ruwan Narelle ka sa na yi wa girbi!"

Ashe Narelle ce ta saita garinta a mai zobe lokacin da ta zo, don ta riƙa ganin ko rufin gidanta yana nan. Shuɗiyar kuma hasashen Sydney take bayarwa, babu wanda ya taɓa gaya mata inda take. Rubutun yana nan ɓaro-ɓaro, amma tabaran Merv a mota yake zama, don a can yake karanta lambar kunnen tumaki, kwamfuta kuwa a kicin take. Col ya yi masa bayani har sau biyu. Merv ya gyaɗa kai, amma abin da ya ɗauka daga bayanin shi ne, intanet ta biyu a Darwin ofishinta yake.

To da wannan fahimtar ya tunkari fom ɗin baje koli, a shekarar da kwamiti ya ce an daina karɓar takarda. Ya buɗe mai dila, ya taɓa gurbin suna, wani abu ya sauko, ya danna, sai ga gurabe duka sun cika da kansu. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ce ashe dilan yana da amfani. Ya rubuta rago ɗaya, ya aika. Layin gona ba shi da ƙarfi, abin ya yi ta juyi bai ce komai ba. Merv ya ce wannan ofishin sun tashi, bari ya gwada na gaba. Mai zobe ita ma ta cike masa gurabe, ta yi ta juyi. Ya koma shuɗiya, wadda ba ta san kowa ba, ya rubuta sunansa da yatsa ɗaya. Duka ukun suka isa. Dulcie, wadda da kallo ɗaya za ta gane, tana kwance a asibiti a Port Lincoln, na'ura ta buga sunaye yadda ta same su.

Labari ya isa Darwin kafin a kwance rumfuna. Narelle ta zo hutun Kirsimeti da shirinta. Ta ajiye jaka, ta rungume shi, ta ga ya rame ta yi faɗa, sannan ta yaye mayafin kwamfuta.

"Baba, intanet ɗaya ce. Ɗaya. Ka ga makiyayarka ta bayan dam? Ƙofa nawa gare ta?"

"Uku."

"To in ka shiga ta kowacce, ba makiyaya ɗaya ka shiga ba?"

"Haka ne. Amma ta ƙofar yamma akwai taɓo."

"Baba!"

"Ba musu nake ba, 'yar nan. Cewa na yi ba ɗaya suke ba."

Ta ce ranar Lahadi za ta koma, kafin nan ya zaɓi ɗaya, ta saita masa komai a ciki da sunansa, sauran ta kawar da su. Ba ta son ta sake jin an kira mamarta a lasifika. Merv ya ce to, ya fita duba ruwan tumaki da ya riga ya duba.

Abin da bai iya faɗa mata ba ƙarami ne, shi ya sa ya yi wuyar faɗa. Bayan baje kolin ya ɗauko tabarau daga mota ya zauna ya taɓa gurbin sunan nan da idonsa a buɗe, ya ga abin da ke saukowa. Glenys Noske. Kayanta an raba wa mata a coci, sunanta an cire daga banki da takardar mota, har akwatin wasiƙa na bakin titi an sake masa fenti. Wuri ɗaya ya rage a gidan da in an tambayi wane ne a nan, sunanta ke fara fitowa. Bai san a ina sunan yake zaune ba, ko a cikin dilan, ko a cikin akwatin ƙarƙashin tebur, ko can ofishinsu. Abin da ya fahimta shi ne in Narelle ta kawar da dilan, to da sunan za a tafi.

Maimakon ya faɗa, sai ya shiga gari neman shawara, ko Allah zai sa wani ya zaɓa masa dilan ya huta. Ya sami Col a kan bencin gaban gidan waya.

"Shuɗiyar mana, mutumina. Da ita na'urar ta zo. Kai in ka sayi tarakta, cire sitiyarin kake ka sa na wani?"

Dulcie ta ce ita mai zobe take amfani da ita, don jikokinta duka ita suka sani, in ta rikice akwai wanda za ta kira. Ta ƙara da cewa ko wacce ya zaɓa, baɗi fom ɗinsa a gabanta zai cike shi, tana tsaye. Fasto kuwa, wanda tun ranar nan in ya hango Merv sai ya tsallako titi ya sake ba shi haƙuri, ya ce ai duka ukun ba su ne ba. Akwai wata ta huɗu wadda ba ta bari a bi sawun mutum.

"Wa ke bin sawuna, Fasto?"

"Kamfanoni. Suna ganin duk inda ka shiga, su san abin da kake so."

"To su gaya min mana, ni ma in sani."

Amma fasto ya riga ya rubuta masa sunanta a bayan takardar waƙoƙin coci, ya kuma biyo shi har gida ya sa masa ita, don ya wanke laifinsa. Narelle ta dawo daga kanti ta tarar da huɗu. Ta tsaya riƙe da ledar burodi. Ta huɗun ta fito da ɗan akwati tana tambaya ko yana so ta zama babba. Merv ya saci kallon 'yarsa, ya ce e.

Ranar Juma'a ya yanke shawarar ya yi musu alƙalanci yadda ake yi wa raguna. Ya cire agogon hannu ya ajiye a tebur, ya buɗe kowacce ya nemi farashin gashin tumaki yana ƙirga daƙiƙa. Zagaye na farko mai zobe ta ci. Na biyu shuɗiya. Na uku iska ta taso ta karkata farantin intanet da ke kan rufi, duka huɗun suka tsaya cik. Ya duba su ta fuska, ya ga kowacce fari ne a tsakiya da dogon gurbi a sama. Rago kana buɗa gashinsa, ka duba haƙori, ka ga yadda yake tsayuwa. Waɗannan ba su da inda za ka kama. Ya rubuta sakamako a bayan ambulan, ya karanta, ya ga bai gane rubutun kansa ba.

Asabar da safe Narelle ta ce tunda ya kasa, ita za ta zaɓa. Ta ja kujera ta zauna, cikin minti goma ta kwashe duk shafukan da mamarta ta adana, na girke-girke, na saƙa, na hasashen ruwan Wirrana, ta zuba su cikin mai zobe. Ta cire Darwin, ta cire sunanta, ta sa nasa. Ta buɗe wani fom na sayen maganin tsutsar tumaki don gwaji.

"Taɓa nan, Baba."

Ya taɓa. Mervyn Noske ya sauko, da adireshi, da lambar waya, babu kuskure ko ɗaya.

"Ka gani? Babu abin da ya ɓace. Komai na Mama yana nan."

"Ya yi kyau," in ji Merv. "Ya yi kyau sosai. Sannu da aiki."

Ta kai linzami kan dilan. Merv ya miƙe ya ce bari ya ɗora ruwan shayi, ya ɗauki buta ya cika ta, ya tsaya da ita a hannu bai ɗora ba.

"Narelle. In kin cire shi, ina yake zuwa?"

"Wa?"

"Dilan. Da abin da ke cikinsa."

"Babu inda yake zuwa, Baba, gogewa ake yi. Ai na kwashe komai."

"To." Ya dubi butar. "Komai da komai?"

Ta juyo ta dube shi da kyau, irin kallon da take yi wa majinyacin da ya ce babu inda ke masa ciwo. Sannan ta buɗe mai dila, ta shiga fom ɗin nan dai, ta taɓa gurbin suna. Glenys Noske. Ta danna, gurabe suka cika. Can ƙasa akwai wani gurbi na saƙo ga mai kawo kaya, ta taɓa shi, sai ga abin da Glenys ta saba rubutawa ya sauko: "A ajiye a kan tsohon firjin baranda. Karen ba ya cizo, mijin ma haka, amma kada a ba shi takarda ya sa hannu."

Narelle ta yi dariya har ta kifa kai a tebur, ta daɗe a kife, kafaɗunta suna motsi bayan dariyar ta ƙare. Merv ya ɗora butar, ya yi ta neman kofuna a inda ba a ajiye kofuna.

Da ta ɗago ta share fuska ta ce, "Me ya sa ba ka faɗa ba tun ranar Talata?"

"Ban san yadda ake faɗarsa ba. Na ɗauka akwai sunansa a harshen kwamfuta."

Dilan ya zauna. Sauran ukun ta kawar da hotunansu daga fuskar na'urar, ta hana su roƙo. Ta ƙara sunansa a cikin mai dila, ya zama in ya taɓa gurbi suna biyu ne ke saukowa, na Glenys a sama, nasa a ƙasa. Ta sa shi ya gwada sau goma a gabanta yana saukowa kan nasa, ta ɗaure masa tabarau na biyu da zare a ƙafar tebur, ta sa ya yi alkawari a kan duk wani abu na hukuma da na Dulcie. Ya yi, kuma ya cika. Ranar Lahadi a filin jirgi ya tambaye ta, yanzu da aka rufe ofishin Darwin, yaya zai san ko ana ruwa a wajenta. Ta ce ya buga mata waya. Yana bugawa kuwa, kowace Laraba.

Sai dai alkawarin bai haɗa da sayayya ba, don haka har yau kaya sukan iso gidan waya da sunan Misis G. Noske. Mai gidan wayar ta daina tambaya, takan miƙa masa kawai ta ce a gaida gida. Watan jiya ya fito rungume da kwali, Col yana kan benci, ya miƙa wuya ya karanta abin da ke jiki.

"Takalmin roba, lamba goma sha ɗaya. Ashe ƙafar Glenys ta ƙara girma a can."

Merv ya ajiye kwalin ya zauna.

"Gaya min gaskiya, tsoho," in ji Col, "bana ma ita za ta kayar da ni? Shekara arba'in kana fama, baiwar Allah da ko warin tunkiya ba ta so ta zo ta ci na ɗaya tana kwance. Ko dai ita ma za ka sake tura ta ta intanet uku?"

Merv ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Col, ni har gobe ban gane ko ɗaya ce ko huɗu ba. Narelle ta ce ɗaya, na bar ta a ɗaya don a zauna lafiya. Amma cikinsu duka, guda ce ta san mutanen gidanmu ba sai an gabatar mata ba. Nawa sunan yana nan ƙasa da nata, taɓi ɗaya ne. Wata rana in sauko, wata rana hannun ya ƙi." Ya mayar da hula ya ɗauki kwalinsa. "Rago kuwa, bana da sunana zai shiga, Dulcie ta ja min kunne. Ka kwantar da hankalinka, ni ka saba kayarwa."